Yaro Mai Masassara Ya Zauna Gida: Jawabi Kan Mura A Makarantunmu

A kwanakin baya ne matasa masu koyarwa a makarantun Islamiyya da na dare, tare da wasu gardawa na makarantun allo, daga Isa da Sabon Birni da garuruwan da ke kewaye da su, suka taru a Isa bayan sallar La'asar domin sauraron jawabi a kan murar da kan ɓarke tsakanin yara 'yan makaranta idan hunturu ya kama. Wanda ya gabatar da jawabin wani ɗan uwa ne ma'aikacin lafiya, wanda shi ma yana koyarwa a Islamiyya da yamma. Ga yadda jawabin ya gudana.

Bayan ya yi godiya ga Allah (T), ya yi salati ga Manzo (S.A.W.) da alayensa da sahabbansa, Malamin ya fara da cewa ya san akwai waɗanda da suka ji abin da za a yi magana a kai sai da suka yi murmushi. Mutanen da 'yan bindiga suka hana noma, suka raba da gidajensu, a tara su a ce za a yi musu maganar majina? Ya ce to ai halin da ake ciki ɗin shi ne ma ya sa maganar ta zama dole. Tun daga 2019 mutanen ƙauyuka suke ta kwararowa cikin Isa da Sabon Birni, wasu kuma suka ƙetare iyaka zuwa Gidan Rumji da sauran garuruwan jihar Maraɗi. Ajin da a da ake zama a wale, yanzu gwiwa na gugar gwiwa. Ɗakin da iyali ɗaya ke kwana, yanzu iyali biyu ne ko uku. Sannan duk wanda ɗansa ya rikice masa da tsakar dare a ƙauye ya san ba kamar da ba ne, da za a ta da mai mashin a kama hanyar asibiti. Yanzu sai dai a rungume yaro a jira gari ya waye. Ya ce saboda haka wanda asibiti ya yi wa nisa, shi ya fi kowa buƙatar ya tare cuta tun daga bakin ƙofa.

Daga nan sai ya shiga bayanin ita kanta murar. Ya ce Bahaushe kalma ɗaya yake da ita, amma a wajen masana lafiya abu biyu ne. Akwai murar da kowa ya sani, ta yoyon hanci da atishawa da ɗan kaikayin maƙogwaro, wadda yaro zai yi ta yana wasansa, cikin mako guda ta sake shi. Akwai kuma wadda likitoci ke kira infuluwenza, wadda takan faɗo wa mutum farat ɗaya. Yaro ya tafi makaranta da safe lafiya lau, kafin Azahar jikinsa ya yi zafi zau, kai na sarawa, gaɓoɓi na ciwo kamar an yi masa duka, ga busasshen tari, ga kasala har ya kasa ɗaga kai. Ƙananan yara wani lokaci har da amai da gudawa. Dukkansu ƙwayoyin cuta ne da ake kira bairos ke kawo su, waɗanda ido ba ya gani, amma ta biyun ita ce mai kisa.

Ya tambayi mahalarta ko akwai wanda ya taɓa jin kakanni suna ambaton shekarar marisuwa. Mutum biyu ko uku ne suka ɗaga hannu. Ya ce to marisuwa ita ce wannan infuluwenza ɗin, a lokacin da ta zo da sabon nau'in da jikin mutane bai san shi ba. A 1918 ne, ana dab da gama Yaƙin Duniya na Ɗaya. Wani jirgin ruwa mai suna Bida ya sauke fasinjoji marasa lafiya a Legas a ranar 14 ga Satumba na shekarar, cutar ta bi layin dogo ta hauro Zariya da Kano. A lokacin jirgin ƙasa bai zo Gusau da Ƙaura Namoda ba, sai a 1929 ya iso Ƙaura Namoda, amma wannan bai hana ta yaɗuwa ba, domin inda dogo ya tsaya fatake da masu jakuna da 'yan ci-rani sun ɗora. Cikin wata shida masana tarihi sun ƙiyasta ta kashe mutum kusan 500,000 a Nijeriya, alhali yawan mutanen ƙasar duka a lokacin bai wuce miliyan 18 ba. A duniya kuwa ana maganar miliyan 50, fiye da waɗanda yaƙin kansa ya ci. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un.

Ya ce kada wani ya ɗauka wannan labarin da ne kawai. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce ko a shekarar da babu annoba, infuluwenzar da aka saba da ita tana kama mutane kusan biliyan 1, tana tsananta ga miliyan 3 zuwa 5, tana kuma kashe tsakanin 290,000 zuwa 650,000. A Nijeriya tun 2008 akwai asibitocin da aka ware suna ɗibar samfuri daga hancin masu mura ana aunawa don a san nau'in da ke yawo, cikinsu har da Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano. Wato cutar tana nan tare da mu. Abin da ya sa ba a jin sunanta a Gobir shi ne ba a auna ta a nan. Idan ta kashe tsoho sai a ce sanyi ne ya kama shi, idan ta kashe jariri sai a ce haƙarƙari ne.

Yadda take bin yara zuwa gida

Da ya juya kan yadda take yaɗuwa, Malamin ya ce sanyin hunturu shi kaɗai ba ya haifar da mura, dole sai an sami ƙwayar daga wani. Abin da hunturu ke yi shi ne ya busar da hanci da maƙogwaro, ƙura ta kankare su, sannan ya sa mutane su cusu a ɗaki guda su toshe kowace kafa. Mai mura idan ya yi tari ko atishawa, ko ma ya ɗaga murya, tsartuwar yawu da majina na fita ta kai taku biyu ko uku, mafi ƙanƙanta kuma su tsaya suna yawo a iskar ɗakin da ba shi da mafita. A nan ya ce 'yan uwa su yi tunanin aji mai yara cunkus, tagogi a rufe, kowa ya buɗe murya yana biya hadda har tsawon awa biyu. Ya ce karatu da ƙarfi al'adarmu ce mai kyau, ba kuma za a bar ta ba, amma a san cewa duk abin da ke ƙirjin yaro ɗaya a wannan ɗaki, kafin a tashi an raba wa kowa.

Hanya ta biyu ita ce hannu. Yaro ya share majina da bayan hannu, ya ɗauki moɗa ya sha ruwa a randa ya mayar, na bayansa ya ɗauka. Ya lashi yatsa ya goge kuskure a allo, ko ya buɗe shafin littafi, ya miƙa wa na kusa da shi. A kan abu mai tauri kamar kofin silba ko hannun buta, ƙwayar kan iya kwana guda da ranta. Wanda ya ɗauka kuma ba ya sani nan take. Tana ɗaukar kwana 1 zuwa 4 kafin ta bayyana, galibi kwana 2, kuma mutum kan fara rarraba ta tun kwana guda kafin shi kansa ya ji a jikinsa. Babba yakan yi kwana 5 zuwa 7 yana zubar da ita, yaro ƙarami yakan wuce haka.

Ya ce abin da ya fi damunsa ba ɗan shekara goma ɗin ba ne, domin shi galibi zai kwanta kwana uku ko huɗu ya miƙe. Waɗanda zai koma ya tarar a gida su ne abin ji: jaririn da ke bayan uwarsa, da uwar in tana da juna biyu, da kaka mai tarin asma ko ciwon suga ko hawan jini, da ƙaninsa mai sikila ko mai tamowa. Ya kawo misalin ƙasar Jafan, inda daga 1962 zuwa 1987 aka riƙa yi wa mafi yawan 'yan makaranta allurar mura duk shekara. Binciken da aka fitar a 2001 ya nuna a waɗannan shekarun mutuwar tsofaffi a lokacin sanyi ta ragu ƙwarai, da aka daina yi wa yaran kuma sai ta sake hawa. Ba tsofaffin aka yi wa allura ba, jikokinsu aka yi wa. Ya ce wannan ya isa ya nuna wa mai hankali cewa makaranta ita ce tashar da cutar ke yin lodi kafin ta shiga gidaje.

Bulalar fashi

A nan ne Malamin ya fi daɗewa, kuma a nan ne wuri ya yi tsit. Ya ce maganin da ya fi kowanne ƙarfi ba a sayar da shi a kemis, kuma yana hannun waɗanda ke zaune a gabansa. Yaron da jikinsa ya yi zafi ya zauna gida, kada ya dawo sai ya kwana ya wuni masassara ba ta dawo ba, ba tare da an ba shi maganin sauke ta ba. A Jafan ma doka ce, sai yaro ya cika kwana 5 da farawar ciwon da kuma kwana 2 da saukar zazzaɓin sannan ya koma aji.

Ya ce to me ke hana wannan a wajenmu? Mu ne. Malamin da ke tsaye a bakin ƙofa da dorina yana jiran wanda ya yi fashi jiya, bai tambaya ba, bai saurari uzuri ba, shi ne ya koya wa yaro cewa gara ya zo yana rawar ɗari da ya zauna gida. Yaro ya fi tsoron bulala a kan masassara. Uwa kuma ta san halin malam, sai ta jefa masa farasitamol ta ce maza tashi ka tafi. Maganin ya danne zafin jikin na awa huɗu, daidai lokacin da zai zauna tsakiyar 'yan uwansa yana tari. Ga kuma kyautar da ake bayarwa ranar walima ga wanda bai taɓa fashi ba ko sau ɗaya. Ya ce niyyar mai kyau ce, amma a duba, wani yaron da ciwo a jikinsa ya ci wannan kyauta, wasu goma suka biya kuɗinta da kwanciya.

Wannan magana kuwa duk wanda ya yi Islamiyya ya san ba ƙage ba ce. Da yawa cikin waɗanda suka sunkuyar da kai a wurin sun sha irin wannan bulalar suna yara, yanzu kuma dorinar tana hannunsu.

Malamin ya ce ba cewa yake a saki tarbiyya ba. Mai fashin ganganci daban, mara lafiya daban, kuma malamin da ya san ɗalibansa ba zai kasa bambancewa ba. Ya ba da shawarar kowane aji a sami ɗalibi babba a kowace unguwa wanda zai riƙa kawo labarin wanda bai zo ba, a rubuta a rajista cewa ciwo ne, in ya warke a zauna da shi a biya masa abin da ya wuce shi. Ya ce shi kansa malamin ma haka. Ba jarumtaka ba ce ka zo kana tari a kan yaran mutane don kada a ce ka yi fashi. Ka nemi wani ɗan uwa ya riƙe maka ajin.

Ya ce addini bai bar mu a duhu ba a kan wannan. Ya zo a ingantaccen hadisi cewa Manzon Allah (S.A.W.) ya hana mai raƙuma marasa lafiya ya kai su mashaya ɗaya da masu lafiya, kuma duk makiyayin da ke bakin Gulbin Rima ya san hikimar wannan ko da bai taɓa jin hadisin ba. In an kiyaye wa raƙumi wannan haƙƙi, ina ga ɗan Musulmi? Haka nan an umurci wanda ya ci ɗanyar albasa ko tafarnuwa ya nisanci masallaci saboda kada ya cutar da mutane da wari. Ya ce mutanen Goronyo da Wurno da ke noma su sai su yi haƙuri, wurin ya ɗauki dariya. Ya ce to wari kenan, wanda ba ya kwantar da kowa. In sallar jam'i da girmanta an ɗage wa mutum ita don kada ya dami na kusa da shi, zaman gida na kwana uku ga yaro mai masassara ba ragwanci ba ne, bin koyarwa ne.

Sai ya waiwayi makarantun allo, ya ce a nan matsalar ta fi wuya, domin almajirin da iyayensa ke Gatawa ko Bafarawa ko can cikin Nijar ba shi da gidan da za a ce ya zauna. Zauren da yake kwana shi ne makarantar. Kuma in bai fita bara ba ba zai ci ba, saboda haka da masassarar zai ɗauki robarsa ya bi gida gida, ya tsaya a kowace ƙofa. Ya roƙi gardawa su ware gefe guda na zaure ko rumfa ga marasa lafiya, kusa da inda iska ke shiga, a ba su bargo da kofinsu daban, a kuma ɗora wa sauran almajirai su riƙa raba abin da suka samo da su har su warke. Matasan unguwa kuma su ɗauki nauyin kwanon abinci ɗaya ko biyu a irin wannan lokaci. Ya ce wanda ya yi haka ya ciyar da mara lafiya, ya kuma kare gidansa, domin almajirin ƙofar gidansa zai zo.

Game da cikin aji, ya ce a buɗe tagogi ɓangare biyu ko da ana sanyi, a ce wa iyaye su sa wa yara rigar sanyi. In rana ta fito, a fitar da karatu waje inuwar bishiya ko gefen da iska ba ta bugawa. In yara sun yi yawa a raba su kashi biyu, wasu su zo da wuri wasu daga baya. Ya yi gargaɗi mai ƙarfi a kan kaskon garwashi a ɗakin da aka rufe, ya ce gawayi na fitar da wata iska marar wari marar launi da ke kashe mutum cikin barci, hayaƙin kara da na roba kuma yana raunata ƙirjin yaro ya buɗe wa cuta hanya.

Ruwan sha kuwa kowa ya zo da gorarsa ko kofinsa. In ba hali, a sami moɗa mai dogon hannu ta ɗiba kawai, ba a kai ta baki. Atishawa, ya ce, an ruwaito Manzo (S.A.W.) yakan rufe fuskarsa da hannu ko da tufafinsa, ya kuma sassauta sauti. A koya wa yara su yi ta cikin gwiwar hannun riga, domin tafin hannu shi ake gaisawa da shi, shi ake sawa a kwano. Ya ce muna alfahari da alwala sau biyar, kuma gaskiya ni'ima ce, amma wanda ya face majina da yatsu ya ɗauraye da ruwa zalla bai gama ba. A ajiye sabulu kusa da butoci, a cuɗa hannu kamar daƙiƙa 20, in babu sabulu toka ma ta fi babu. Sabulun wanki guda a yanka shi huɗu ya isa aji mako guda.

Ya ce wanda ke shakkar ko waɗannan ƙananan abubuwa na aiki ya tuna 2020, lokacin korona, da aka rufe makarantu a watan Maris, mutane suka riƙa rufe hanci suna wanke hannu. A wannan shekara infuluwenza ta yi ƙasa a duniya irin yadda ba a saba gani ba, har wani reshe nata da ake kira Yamagata ba a sake tabbatar da ganinsa ba tun Maris na 2020.

Kemis, da alamun da ba a kwana da su

Kan magani, Malamin ya ce kafso da allurar da ake rubawa a kemis ba sa taɓa bairos ko kaɗan. An yi su ne don wasu ƙwayoyin daban da ake kira bakteriya, kuma shan su barkatai shi ke sa ranar da ake buƙatarsu su ƙi ci. Abin da mai mura ke so shi ne hutu, ruwa da kunu da romo akai akai, farasitamol daidai nauyinsa, jariri kuma a ci gaba da ba shi nono. Zuma na sassauta tari, amma ba a ba wanda bai cika shekara ba. Ya ja kunne a kan asfirin da garin maganin ciwon kai da ake sayarwa a tebur, wanda da yawa akwai asfirin a ciki. Yaro mai mura in ya sha yana iya gamuwa da wata lalura da ke kumbura hanta da ƙwaƙwalwa. Maganin tari mai kodin kuwa, ya ce matasa sun fi shi sanin ɓarnar da ya yi, gwamnatin tarayya ta hana yin sa da shigo da shi tun Mayun 2018, kada wani ya kusanto da shi bakin yaro. Sannan a ƙasa irin tamu duk zazzaɓi sai an cire zazzaɓin cizon sauro daga lissafi, gwajin ɗigon jini ne na minti 15.

Ya ce akwai alamun da in an gan su ba a jira. Mura takan buɗe ƙofa ga ciwon haƙarƙari, wato nimoniya, wadda a 2018 kaɗai ta kashe yara 'yan ƙasa da shekara 5 kimanin 162,000 a Nijeriya, adadin da ya fi na kowace ƙasa a duniya a wannan shekara. Ya koya wa mahalarta su ɗaga rigar yaro yana kwance shiru, su duba agogon waya su ƙirga numfashinsa na minti ɗaya. Daga wata 2 zuwa shekara 1, in ya kai 50 ya yi yawa. Daga shekara 1 zuwa 5, in ya kai 40 ya yi yawa. In ƙasan ƙirji na lotsawa ciki lokacin jan numfashi, ko leɓe ya sauya launi, ko yaro ya kasa sha, ko yana amayar da komai, ko ya yi jijjiga, ko barci ya ƙi sakinsa, ko masassara ta sauka ta sake dawowa da ƙarfi, to asibiti. Ya ce saboda halin hanya, a yanke shawara tun rana na sama. Yaron da numfashinsa bai yi maka ba da La'asar, kada ka ce bari a ga dare.

Ya kuma tuna musu cewa ba duk abin da ya fara kamar mura ne mura ba. Zazzaɓi da matsanancin ciwon kai da sanƙarewar wuya, sanƙarau ne har sai an tabbatar ba shi ba ne, kuma lokacinsa daga hunturu ne zuwa bazara. A 1996 ya kama fiye da mutum 100,000 a Nijeriya ya kashe fiye da 11,000, a 2017 kuma ya taso daga Zamfara ya shigo Sakkwato da Katsina, ya kashe fiye da 1,100. Jan ido da tari da ƙuraje masu farawa daga bayan kunne, ƙyanda ce. Ciwon maƙogwaro da kumburin wuya da wata fata fara-fara a can ciki, mashaƙo ne, irin wanda ya addabi Kano daga ƙarshen 2022 zuwa 2023.

Saboda haka, in ji shi, malamin da ya ga yara da yawa sun kwanta cikin 'yan kwanaki da alamu iri ɗaya, ya sanar da asibiti mafi kusa ko sashen lafiya na ƙaramar hukuma, domin kowace ƙaramar hukuma tana da jami'in sa ido kan cututtuka. Ya ce mutanen Isa ba sa buƙatar a ba su labari. A Maris na 2024 aka sanar da hukumar NCDC wata baƙuwar cuta mai kumbura cikin yara, galibi 'yan shekara 4 zuwa 13, kuma zuwa Afrilu an lissafa mutum 164 a mazaɓun Bargaja, Isa ta Arewa, Isa ta Kudu, Tozai, Tsabre da Turba, 4 sun rasu. Waccan ba mura ba ce, gwajin farko ma dalma da wani ƙarfe mai guba ya nuna a jinin wasu daga cikinsu. Amma ba a zo an auna ba sai da aka kai rahoto, kuma rajistar malami na iya nuna abu tun kafin asibiti ya gani.

Ya ɗan taɓo murar tsuntsaye a gurguje, wadda aka fara tabbatarwa a nahiyar Afirka a wata gonar kaji da ke Jaji ta jihar Kaduna a Fabrairun 2006, a watan kuma aka same ta a Magariya ta Nijar, sannan ta kashe wata mata a Legas a Janairun 2007. Ya ce al'adar nan ta in kaza ta fara layi a ce wa yaro maza kawo wuƙa kafin ta zama mushe, a bar ta in kaji na mutuwa da yawa a unguwa. A binne su, kada yara su fige.

Da aka ba da damar tambayoyi, wani gardi ya ce shi ya karanta cewa babu ɗaukar cuta, to yaya za a haɗa wannan da abin da aka faɗa? Malamin ya ce tambaya ce mai kyau, kuma malamai irin su Imam Nawawi sun amsa ta tuntuni. Abin da aka kore shi ne aƙidar jahiliyya ta cewa cuta na tsallakawa da ikon kanta. Amma Allah ya sanya cuɗanya ta zama sababi, kamar yadda ya sanya wuta sababin ƙuna. Ya kawo labarin Sayyidina Umar (R.A.) da ya nufi Sham ya sami labarin annoba a wani wuri da ake kira Sargu, ya yi shawara da sahabbai ya juya da jama'a, da aka yi masa maganar ƙaddara ya nuna cewa juyawar ma cikin ƙaddara take. Annobar Amwas ta shekara ta 18 bayan Hijira ta ɗauke Abu Ubaida ɗan Jarrahi da Mu'azu ɗan Jabal (R.A.), kuma da jagoranci ya koma hannun Amru ɗan Asi (R.A.) sai ya umurci mutane su warwatsu cikin duwatsu, Allah ya kawo sauƙi. Ya ce babu wanda ke wurin nan da ya kai waɗannan tawakkali.

Wani ya tambaya ko akwai allurar rigakafin mura. Ya ce akwai, ana sabunta ta duk shekara domin ƙwayar na sauya kama, amma ba ta cikin alluran da ake yi wa yara kyauta a Nijeriya. Waɗanda ake yi kyauta su ne na mako 6 da 10 da 14 da haihuwa, masu kare yaro daga mashaƙo da tarin shiƙa da manyan ƙwayoyin nimoniya, sai ta ƙyanda a wata 9 da kuma wata 15. Ya ce waɗannan su ne ke tare abin da kan biyo bayan mura ya yi kisa, saboda haka kowane saurayi in ya koma gida ya nemi katin ƙannensa ya duba.

Tambaya ta ƙarshe daga wani shugaban Islamiyya ta fito, wanda ya ce in ya mayar da yaro gida, uban zai zo ya ce ya biya kuɗin wata, don me za a koro masa ɗa, wani ma ya cire shi ya kai wata makarantar. Malamin ya ce shi ya sa ba ranar da yaro ya zo da masassara ake fara wannan magana ba. A tara iyaye tun kafin sanyi ya kankama a gaya musu ƙa'idar, a roƙi limamai su faɗa bayan sallah, makarantun gari kuma su haɗa baki a kan abu ɗaya don kada wanda aka mayar a nan ya sami wurin zama a can. In za a mayar da yaro kada a kore shi a gaban 'yan uwansa kamar mai laifi, a sa babba ya raka shi, da yamma kuma malam ya bi ya tsaya daga ƙofa ya gaishe shi. Shugabannin makarantu uku da ke wurin suka ce za su zauna a kan maganar a cikin makon, aka rufe da addu'a ana kiran Magariba.